Habu Ya Ce Ya Saya

Talata da dare, Nuwamba 2006, Cheetham Hill

Yau ma ba a ci tuwo da daɗi ba. Ɗana Habu ya ga tallan bindigar iska a intanet, ta harbin ɓerayen lambunsa, ya rubuta "na saya" a idon jama'a. Mai bindigar, wani Bature a Birmingham, ya sallami sauran masu so. Sai surukata Rabi ta rantse bindiga ba za ta kwana gida ɗaya da 'ya'yanta ba.

Na tsokane shi: "Sarkin baka, kai da kyankyaso ke kora daga banɗaki!" Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Mma, a wurinsu wanda ya ce ya saya ba ya janyewa. Yanzu maƙaryaci suke kirana, kowa na karantawa."

Na ce ya kai ni Birmingham in ba mutumin haƙuri da goro, yadda nake sasanta ciniki a zango. Ya ce masu zagin suna da yawa, ko sunayensu bai sani ba.

Rabi na da gaskiya, Baturen ma haka. Duk bakin nan nawa, na rasa ƙofar da zan je in yi sallama.