Shekara Biyu Ina Warware Ɗinkinka

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani Maɗinki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Hamisu, wanda kake cewa hannunsa ya fi kansa sauri. Yau na girmi shekarun da ka bar duniya a kansu, amma in na tuna ka, sai in ji ni a gefen tabarmarka.

Ina kewar zaurenmu na Soron Ɗinki, a 'yan shekarun nan kafin Turawa su tafi. Da hantsi ka jawo buzunka bakin ƙofa inda haske yake, babbar riga a cinyarka, goro a kunci. Masu wucewa Kurmi sai sun tsaya kallon aska takwas ɗin da kake fitarwa. Wanda ya yaba ka ba shi goro, wanda ya kushe ka ba shi biyu, wai ya fi wahala.

Sai ka fara miƙo mini allura in zura maka zare. Ka ce allurar zamani kafarta ta cika ƙanƙanta. Duk gidan muka taru muka ɗora wa allura laifi.

Wata ranar ka ce, “Hamisu, kamar hayaƙi nake gani a gefe.” Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce haba Baba, kada ka yi wa kanka mugun fata, gajiya ce kawai. Inna ta kawo kwalli, ta ce gobe za ka tashi garau. A gidanmu ba a ambaton abu maras daɗi, gani muke faɗinsa ne yake kiransa.

Ɗinkinka ya fara karkacewa. Ni kuwa na samo dabara. Da ka shiga ƙailula bayan azahar, sai in ɗauki rigar in warware abin da ka yi tun safe, in sake shi yadda kake yi a da, in ninke in ajiye. Ka fito in ce ma sha Allah, hannu na nan. Ina jin kaina ɗa nagari, har tausayin 'ya'yan wasu nake yi.

Yayarka Gwaggo Asabe ce kaɗai ta ce a kai ka asibitin ido na bayan gari, don makanta ce take tafe. Muka sa mata suna mai baƙin baki. Wata uku ban taka gidanta a Jakara ba.

Shekara biyu muka yi a haka, sai ranar da ka yi karo da ginin masallacin da ka yi shekara arba'in kana shiga. Da muka kai ka asibitin, likita ya duba ya daɗe, sannan ya ce da an zo da wuri da an tsare abin da ya rage. Yanzu babu abin tsarewa.

A hanyar komawa ina riƙe da hannunka, na buɗe baki zan ce in sha Allahu ganinka zai dawo. Ka matse mini yatsu. Abin da ka faɗa har yau yana kunnena: “Tun rigar farko na gane, yatsuna sun san ɗinkina. Kullum jira nake ka ce ya ɓaci, in samu wanda zan gaya wa tsoro nake ji.”

A gindin ganuwa muka zauna, ka yi kuka kamar yaro, na bar ka ka yi. Rabon da in gan ka ka ci tuwo da yawa irin na ranar, na manta.

Baba, na ɗauka kyakkyawan zato nake yi wa Allah. Ashe tsorona nake lallaɓawa. Kai ka iya ɗaukar ƙaddararka, ni ne na kasa jin ta daga bakinka. Idon ma ba shi ya fi ci mini rai ba. Abin da yake hana ni sakat shi ne, gida cike da masu son ka, amma ka yi shekara biyu kana jin tsoro kai kaɗai.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya jiƙan Inna da Gwaggo Asabe. Ni kuma ka yafe mini duk wani “ba komai” da na toshe maka baki da shi.

Ɗanka mai kewarka,
Hamisu