Na Kira Rubutunta Kwandon Wanki, Yanzu Ta Ƙi Jarrabawa

Malama mai fili,

Ki taimaka mini da shawara, kuma don Allah kada ki fara da cewa in yi haƙuri, na ƙoshi da shi. Shekara tara ke nan rabona da gida. Gaskiya ni ba mai karanta filinki ba ne, a ganina yawancin masu rubuto miki lallashi suke nema ba gyara ba. Abokin ɗakina da ke kwana a gadon sama ne ya gaji da tsakina, ya ce ko in rubuto miki ko in nemi wani ɗakin.

Da can malamin makaranta ne ni, insha'i nake koyarwa. Albashi ya daina kai wata, na ajiye alli na fito. Yanzu a ɗakin wankin wani otal nake aiki, can ƙarƙashin ƙasa inda ba taga. Zanen gado, tawul, rigunan ma'aikata, ina cusa wa injin guga ta nan, wani yana ninkewa ta can. Ba kuka nake yi ba, aiki ne, ana biya.

Amma a gida har yau "Malam" nake duk ranar da ake buƙatata. Da zarar jarrabawar shiga jami'a ta matso, sai wayata ta cika da hotunan takardu daga mutanen da ko lokacin da na kwanta asibiti ban ji ɗuriyarsu ba. Hoto a karkace, rabinsa inuwar hannu, wani har da ɗigon mai a tsakiya. A ƙasa a rubuta wai Malam a duba wa yaro. Ko sannu da aiki babu.

Ina dubawa kuwa. A hutun rana nake fita bayan ƙofar wanki in kifa bokiti in zauna. Yatsuna sun saba da zafi sun yi kauri, latsa waya yana yi mini wuya, saboda haka saƙon murya nake yi. Ƙarar injina tana biyo ni har nan, kunnena ma ya fara nauyi, dole in ɗaga murya kafin in ji kaina.

Tsarina kuwa ɗaya ne tun ina aji. Rubutun da na ga ba shi da inda za a kama, ba na ɓata hutuna a kansa. In ce ya yi kyau, an yi ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Wanda na ga akwai abu a cikinsa, shi nake zama a kai in feɗe shi layi-layi, don shi ne zai amfana.

Bana su huɗu suka turo: ɗan telan bakin layinmu, 'yan biyun maƙwabciyar yayata, sai Auta, 'yar ita Yaya ɗin. Malamin darasinsu ya ba su batu ɗaya, matsalar shara a unguwa. Ɗan tela ya kwaso nasa daga wani littafi, har kuskuren bugun littafin bai bari ba. 'Yan biyu kowa ya ari rabin na ɗan'uwansa. Duka ukun na ce musu ya yi kyau.

Na Auta daban ne. Farkonsa shirme ne, ta tattaro manyan kalmomin da ta haddace ta jibga su ba kai ba gindi. Amma a tsakiya ta yi wani sakin layi a kan tsohuwa mai sayar da gawayi a kwanar layinsu, wadda da ta ga hadari sai ta fara ɗora buhunanta a kan bulo, don ta san kwata za ta toshe ta amayo mata cikin rumfa. Wannan ba a littafi ta gani ba, idonta ne. Na karanta shi har na manta abincina ya huce.

Sai na yi mata dogon saƙo. Na ce gabatarwarta kwandon wanki ce, ta zuba fari da mai launi da safa mai wari wuri guda. Na ce da ni ne mai ba da maki, a layi na uku zan ajiye biro. Na bi ta kan kowane kuskure. Can wajen ƙarshe na gaya mata cewa rabon da in karanta abu mai kyawun sakin layin tsohuwar nan daga hannun ɗalibi tun ina koyarwa, ta watsar da sauran ta fara daga nan.

Ashe Auta ba ta da waya, ta uwarta ce. Yaya kuwa ba ta kara waya a kunne, lasifika take buɗewa ta ajiye a kan tebur ta ci gaba da aikinta. Ranar kuma ɗakin cike yake. Matar tela ta zo musamman don a ji yabon da na yi wa ɗanta, uwar 'yan biyu tana nan da yaranta. Aka saka na ɗan tela, aka yi barka. Sai Yaya, da kuri, ta ce to a ji na 'yarta. Aka ji ni ina ihu a kan ƙarar inji ina zancen safa mai wari. Ba a kai rabi ba ta kashe.

Bai tsaya nan ba. Ta aiki ɗaya daga cikin 'yan biyun ya kai mata wayar caji, ɗan banzan yaron ya tura wa kansa saƙon, ya yanko farkon ya watsa a zauren 'yan ajinsu na waya. Yanzu Kwando suke kiranta. Har tsohuwar safa wani ya saka mata a jaka.

Auta ta daina zuwa darasi. Ta ce ba za ta rubuta jarrabawar ba, ga shi saura 'yan makonni. Idan na kira aka miƙa mata, ba ta karɓa.

Yaya ta wanke ni tas. Ta ce tururin wanki ya dafa mini zuciya. Ta ce na kasa da nawa karatun shi ya sa nake baƙin cikin na 'yarta, ina yabon 'ya'yan bare ina yanka jinina a gaban mutane. Na ce ta saurari saƙon zuwa ƙarshe, ta ce ta goge, ko na sake turowa ba za ta buɗe ba. Sharaɗinta shi ne in yi sabon saƙo in ce kuskure na yi, rubutun ba shi da aibi, ta tara matan nan ta saka musu. In ba haka ba, ɗakina da take kula da shi tun rasuwar mahaifinmu za ta zuba masa ɗan haya, in na dawo in nemi wurin sauka. Mijinta ya kira ni a gefe yana cewa in faɗa kawai, me zai rage ni da shi.

Zai rage ni da komai. Gabatarwar nan ba ta da kyau, kuma wanda zai duba takardarta ran jarrabawa ba kawunta ba ne. Ni ba na ƙarya a kan rubutu. Su da suka ga dama suka mayar da gyaran ɗalibi wasan kwaikwayo, su ne za su ce in nemi gafara?

Na san da magana ɗaya zan iya wanke ta: in ce ita kaɗai ce mai abu a kai, sauran ukun sallamarsu kawai na yi. Amma tela shi ya ɗauki mahaifinmu a bayansa ya kai shi asibiti lokacin da nake nan ina ninke tawul. Ba zan tozarta ɗansa a gaban mata ba. Yaya ma, duk da bakinta, ita ta yi jinyar tsohon ita kaɗai, ban manta ba.

To ya zan yi? In yi ƙarya ta je ta faɗi, ko in tsaya a kan gaskiya ta ƙi zuwa gaba ɗaya?

Kada ki zaci wani abin kirki na tara da zan yi taƙama da shi in an hana ni ɗaki. Abin da ke ƙarƙashin gadona ke nan: akwati biyu na tsaraba, bargo ɗaya, takalmi ƙafa biyu, da 'yar kwamfuta ta hannu da na saya wa Auta tun bara, don ranar da za ta shiga jami'a.

Mai Guga a Nesa

AMSA

Malam Mai Guga,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, tunda ka ƙoshi. Gyara ka ce kana so, ga shi, kuma ni a hankali zan faɗa.

Ka ce ba ka ƙarya a kan rubutu. Bana kaɗai ka yi ta sau uku. Ka ce wa ɗan tela da 'yan biyu ya yi kyau alhali ka san bai yi ba. A wurinka yabo sallama ce, faɗa kuma girmamawa ce, amma wa ka taɓa gaya wa haka? Yayarka ta ji ƙaninta yana sa wa 'ya'yan maƙwabta albarka, sannan yana yi wa 'yarta ihu da zancen safa. Kowace uwa abin da za ta fahimta ke nan. Kai da ka koyar da insha'i ka san mai karatu ba ya jiran sakin layi na ƙarshe. Ka binne magana mafi muhimmanci a ƙasa, ka jibga sauran a kanta. Laifin da ka kama Auta da shi ke nan.

Ita ma Yaya ba ta kuɓuta ba. Gyaran ɗalibi ba abin sakawa a lasifika ba ne, kuma neman ka janye gaskiya cutar 'yarta ne. Zancen ɗaki kuwa fushi ne, kada ka amsa shi ko da kalma ɗaya.

Ba ƙarya da gaskiya ne kaɗai a gabanka ba. Ran hutunka ka nemi wuri shiru, nesa da inji, ka yi sabon saƙo gajere da muryarka ta gida. Ka fara da karanta sakin layin tsohuwa mai gawayi, kalma-kalma yadda ta rubuta. Ka faɗi abin da ka gaya mini, cewa rabonka da irinsa tun kana koyarwa. Sannan ka ce kwatancen kwando bai dace ba, ka ba ta haƙuri a kansa, sauran gyara kuma tsakaninka da ita ne. Kada ka ambaci ɗan kowa. Babu ƙarya ko ɗaya a nan, kuma ba ka ce gabatarwar ta yi kyau ba. Ka tura wa mijin Yaya, tunda yana sauraronka, ya fara ba Auta ta ji ita kaɗai. Ita za ta zaɓa ko a saka wa matan ko kada a saka. An riga an yi shela da ita sau ɗaya ba da izininta ba.

In ta amsa, ka roƙe ta abu ɗaya tak: ta sake rubutun, ta fara daga tsohuwar. Daga nan gyara biyu a kowane zama sun isa, ta wayar babanta, a kunnenta. Shi kuma uban ya je ya ga malamin darasi da uwar 'yan biyu a kan saƙon da aka watsa, wannan aikinsu ne ba naka ba. Kwamfutar ka bar ta a ƙarƙashin gado, kada ka ambata. In ka fito da ita yanzu, toshiyar baki za ta zama.

Saura tela. Mutumin da ya goya mahaifinka bai cancanci a sallami ɗansa da yabon wofi ba. Ka kira yaron shi kaɗai, ka gaya masa ka gane kwafi ne, ka ba shi abu ɗaya da zai iya gyarawa kafin ranar. Haka 'yan biyun, har mai laifin. Baɗi kuwa, wanda ba ka da lokacinsa ka ce masa ba ka da lokaci. Ya fi masa amfani.

Mai yiwuwa duk da haka Auta ta ce ba bana ba. In ta faɗa, kada ka matsa, kada kuma ka yi fushi. Jarrabawa tana dawowa, kuma yarinyar da ta lura da buhunan gawayi ba za ta daina lura ba. Abin da ba za ka so ba shi ne ta girma tana zaton kawunta bai ga komai a rubutunta ba, alhali har abincinka ya huce a kansa. Wannan ma ka gaya mata.

Allah ya ba ta sa'a, ya sassauta maka aiki, ya mayar da kai gida lafiya ka miƙa mata kayanta hannu da hannu. Ka gaishe mini da na gadon sama.