Hatimin Honorabul da Marin Halilu

Anka, ran Litinin, Maris 2014

Zuwa ga Malam Abdulwahabu mai fadamar bakin gulbi, Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, wagga takarda ta fito daga hannun Honorabul Abdulrashid Yusufu, shugaban kwamitin majalisa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ciyawar da ke cin gonaki.

Ka ji a rediyo yadda muka tsare mutanen gwamnati, muna tambaya suna share zufa. Muka ce ina likitocin masu taɓin hankali, suka ce ana kan nazari. Muka ce ina injin cire ciyawar kachala daga gulbi, suka ce yana kan hanya. Muka ce wace hanya, suka ce a ba su mako biyu su duba. Na gaji da su, shi ya sa na juyo kan talakawa, ko nan a samu mai amsa.

Ina Halilu, ɗan marigayi ƙanenka? Gaskiya ne wata bakwai ke nan yana cikin mari gidan wani mai magani a ƙauyen Bukkuyum? Wane likita ya duba shi kafin a ɗaure? Fadamar da ubansa ya bari kuma, shinkafa ke cikinta ko kachala?

Kada ka yi mamakin ajami. Na san ba ka yi boko ba, kuma maganar sirri ce, ban so sakatarena ya gani. Ga hatimina a ƙasa. Ka ba Hammadu direba amsa kafin Jumu'a, kuma kada ka ce mini ana kan nazari, na ƙoshi da wannan.

Wassalam.
Honorabul Abdulrashid Yusufu

*

Gummi, ran Alhamis

Ranka shi daɗe, wa alaikumus salam. Allah shi ƙara girma, shi bar ka da kujerarka.

Takardarka ta iske ni, na karanta sau uku, na kasa cin tuwo. Halilu ɗana ne, ban ɗaure shi don ƙiyayya ba. Tun shekarar da gubar dalma ta kashe ɗiyarsa Dija a Dareta, inda yake niƙan dutsen zinariya, ya dawo gida ba ya magana. Na ba shi fadamar ubansa ko aiki ya ɗauke masa hankali. Damina biyu ya yi shinkafa, sai kachala ta shigo. Ka sare ta yau, bayan kwana goma ta kai maka ƙugu. Tsuntsaye suka yi gida cikinta suna cinye ɗan abin da ya rage.

Halilu ya koma wuni cikin ruwa da lauje, yana sara yana kiran sunan yarinyar, har ƙafafunsa suka yi fari suka tsattsage. Sau biyu masunta na jawo shi. Mutane suka ce mutanen ruwa ne suka zo tare da ciyawar. To ranka shi daɗe, in sa masa ido ya nutse?

Likita kuwa, ina zan gan shi? Ku da ke tambaya cikin majalisa ba ku samu amsa ba, balle ni. In kuma na kai shi asibitin masu wannan ciwo, sunan ya bi gidanmu har jikoki.

Wanda ya kai sunana na san shi. Ƙanensa ne Khalifa, mai gyaran babur nan wajenku Anka. Shaƙiyyi ne, ranka shi daɗe. Shi ya taɓa aiko mini wai hakimi na kira, na sa babbar riga na yi tafiyar yini, na iske hakimi ya tafi Umra. Kada a ɗauki maganarsa.

Allah shi ja zamaninka.
Naka mai biyayya, Abdulwahabu

*

Anka, ran Asabar

Malam Abdulwahabu, sallama da gaisuwa.

Mun binciki Khalifa, mun iske yaro ne natsattse, kyakkyawa kuma. A bar maganarsa.

Wakilina ya je Bukkuyum ya ga Halilu da idonsa. Mari ya cinye masa idon sawu, ƙudaje na bin wurin. Halilu ya gane shi, ya ce masa ya zauna nesa don kada ya ji wari. Wakilin ya dawo ya kasa kama aiki kwana biyu. Kai ka je ka gani, ko hatsi kawai kake aikawa?

Ga hukuncin kwamiti. A kwance shi, a kai shi asibitin Kware ta wajen Sakkwato. Can kullum irinsa suke gani, kuma ba a rubuta sunan gidan kowa a bango. Kachala kuma, kada ka jira inji, ni na san inda injin yake, babu shi. Ka kira gayya a sare ta can ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya rufe gindin sai ya ruɓe. Halilu ya san haka, shi kaɗai ne ba ya iya mata.

Ni da kaina ina tafe Gummi ran Asabar ta sama, nan da mako biyu, in ga abin da aka yi.

Wassalam.
Honorabul

*

Gummi, ran Lahadi

Khalifa, ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanci gaisuwa ba.

Goggonka Zaliha ce. Tun takardar farko da Baffanku Abdulwahabu ya nuna mini na gane. Ni na koya maka riƙon alƙalami, kuma hatimin Honorabul gindin kofin shayina ne da ya ɓace ran sallah, ga tsaguwar nan ta fito cikin tawada. Na yi shiru ne don wata bakwai ina roƙon Baffanku bai ji ba, takarda biyu kuwa ta tashe shi tsaye.

Ran Laraba muka kai Halilu. Da aka sare marin Baffanku ya juya baya yana share ido da hannun riga. Likita ya ce ciwo ne kamar kowane, za su riƙe shi mako uku. Ya ci abinci, ya tambaye ka.

Amma ka jawo mana. Baffanku ya gaya wa mai gari Honorabul na tafe. An kira gayya, an share hanya, an ɗaure rago, har makaɗa an aika wa. Wai gaban jama'a zai tambaye shi maganar inji. In Asabar ta yi ba kowa, na san ɗan'uwana. Kunya za ta sa ya ce har likitan ƙarya ne, ya je ya ɗauko Halilu ya mai da shi mari. Ka rubuto masa kafin nan, da sunan da ubanka ya raɗa maka. In ba ka yi ba ni zan faɗa.

Kuma ka dawo mini da kofina.

Allah shi shirye ka.
Zaliha

*

Anka, ran Talata

Malam Abdulwahabu, assalamu alaikum, da gaisuwa mai yawa, ta gaskiya wannan karon.

Honorabul ba ya zuwa ran Asabar, don babu shi. Tambayoyin dai na ji su a rediyo ina ɗaure tayar babur, na ji manya na tambaya manya na zillewa. Duk ƙasar nan kai kaɗai aka tambaya ka amsa, ka kuma tashi ka yi.

Kada a watse gayyar. Ina tafe da lauje biyu, zan tsaya gaban mai gari in ce ni na yi, ka sa sandarka inda ka ga dama, har da ƙaryar kiran hakimi ka haɗa ka rama. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar Halilu ya gama maganinsa. Ragon kuma a ƙara masa dusa, a jira ranar da zai shigo gida da ƙafafunsa.

Wakilin da ya je Bukkuyum ni ne, sakataren ni ne, hatimin na Goggo ne. Ka gafarce ni, Baffa.

Ɗanka, Khalifa mai gyaran babur