Saƙon Da Ya Iso Ranar Sadakar Uku

Zuwa ga Mai girma Shugaban furoje, wato shirin faɗakar da manoma da makiyaya, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da ma'aikatanka, ni ne Mamman mai cajin salula a bakin kasuwar Filinge, wanda kuka naɗa wakilinku, kuka ba riga da hula. Na rubuto a fili don kowa ya ji, saboda abin da zan faɗa ya wuce a rufe shi cikin ambulan.

Na ɗaya. Kafin ku zo muna da hanyarmu. Makiyayi ya ga abin da bai yarda da shi ba a daji, sai ya ɗauki muryarsa a salula, ya tura wa direban da ya fara gamuwa da shi ta bulutut, direba ya tura wa mai shayi, mai shayi ya kawo rumfata. Duk wanda ya zo karɓar salularsa sai ya tafi da saƙon. Ba ruwanmu da rezo, wato sabis ɗin kamfanin waya. Kowace salula tana karɓa, tana bayarwa, in ɗaya ta mutu goma na nan. Ba zan ɓoye aibinta ba: ƙarya ma haka take yawo. An taɓa yi wa wani baƙo dukan kawo wuƙa a kan saƙon da ba a san mai shi ba, har yau yana ɗingishi.

Na biyu. Da wannan kuka same mu. Kuka ce daga yanzu kowane saƙo zai hau zuwa babbar na'ura guda da kuke kira sarbar, can cikin ɗaki mai sanyi a Yamai, a tantance shi, a sa masa koren tambari, sannan ya sauko wa kowa lokaci ɗaya. Kuka ce duk saƙon da ba shi da tambari jita-jita ne. Mu kuwa mutane ne masu ganin girman hatimi, takarda in ba a buga mata ba ko goro ba ma naɗewa da ita. Na yarda da ku fiye da yadda kuka yarda da kanku. Da hannuna na goge tsofaffin saƙonni daga salular mutane, ina yi musu dariyar ƙauyanci. Wani tsoho ya tambayi injiniyanku abin da za a yi ran da rezo ya ɗauke, injiniya ya yi murmushi ya wuce zuwa wata tambayar.

Na uku. Rezo ya ɗauke. An ƙone eriyar salula da ke wajen garin Sanam. Da hantsi Bello, wani makiyayi da na sani shekara da shekaru, ya hangi mutane da bindigogi a kan babura sun laɓe kusa da hanyar Sanam. Ya ɗauki murya, ya danna inda na koya masa, ya kora shanunsa ya yi nesa, hankalinsa kwance ya sauke nauyi. Motoci biyu sun wuce shi bai tsayar da su ba, tunda an ce masa na'ura ta fi direba sauri. Saƙon yana nan cikin aljihunsa yana jiran Yamai.

Duk da haka maganar ta iso da baki, ta wajen wata mai fura. Ƙanena Idi, mai sayar da awaki, ya riga ya ɗora kayansa a mota. Ya zo rumfata ya ce, “Yaya, an ce hanya babu lahiya. In tahi ko in bari?” Na duba salula, ba kore, ba komai. Na ce masa, “Tahi abinka, da gaskiya ta, da na'ura ta hwaɗi.”

Masu bindigar sun tare motar. Sun sauke maza, sun kwantar da su rub da ciki a kan yashi. Daga baya direba ya ba mu labari cewa Idi ya ɗaga kai don ya roƙe su, suka fasa masa baki da gindin bindiga, sannan suka harbe shi a ƙeya. Ni na wanke shi. Ban gane fuskar ɗan'uwana ba sai ta tabon ƙuna da ke hannunsa.

Na huɗu. Ranar sadakar uku muna zaune a tabarma, liman ya ɗaga hannu, sai salulolin jama'a suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. An gyara rezo. Muryar Bello ce, da koren tambarinku, tana cewa kada kowa ya bi hanyar Sanam yau. Bello yana zaune a cikinmu. Ya tashi ya buga salularsa da bango har ta tarwatse, ni kuma na so ƙasa ta tsage in shige. Ranka ya daɗe, da injiniyanka yana wurin, wallahi ban san abin da hannuna zai yi ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku bar sarbar ɗinku ya ci gaba da tantancewa, yana da amfaninsa, amma ku buɗe hanya salula ta miƙa wa salula kai tsaye ko babu rezo. Ku janye maganar nan ta cewa abin da ba tambari ƙarya ne, ku faɗa da bakinku a kasuwa kamar yadda kuka faɗi ta farko. Kuma ku aiko a karɓi rigarku da hularku.

Ban ɗora muku jinin Idi ku kaɗai ba. Masu bindiga suka kashe shi, ku kuka toshe mana kunne, ni na ce ya tafi. Innarmu ba ta san wannan na ƙarshen ba. Kullum tana sa mini albarka don na riƙe 'ya'yansa, ni kuma na kasa buɗe baki. Ba ta karatu, amma na san za a karanta mata wannan wasiƙa kafin ta iso teburinka.

Allah Ya kiyaye ka da hanya, Ya sa kada ka taɓa wanke ƙanenka. Ni kuma Allah Ya sa ta yafe mini.

Wassalam.

Mamman mai caji,
Filinge.