Sawun moto a daɓena

Zakiru,

Na tafi Birnin Lalle gaisuwa, kana barci. Jiya munka wuni muna daɓen ɗakin baƙi, na kakar bana. Na zuba ruwan makuba don ya yi ƙarfi, na rataya sabon rido, labulen ƙofa, da faya-fayina. Duk Dakoro babu mai daɓe kamar nawa, ka tambaya. Na ce kada a taka sai ya bushe, kai kuma ka turo moto har tsakiya, wai gudun rana. Sawun taya ya raba shi biyu, ga surukanka tafe ran Juma'a. Ka jiƙa wurin, ka ɗauki madaɓi ka gyara da hannunka. Makullin moto yana ɗaure a bakin zanena, sai na ga ɗakin yana sheƙi.

Innarka