Randa a Rumfar Hanyar Kakau

Laraba da dare, Agusta 1986

Na gaji, amma raina fes. Baba Ɗanjuma ya rantse zai rushe rumfar bakin gonarsa, inda matafiya daga Kakau ke hutawa, saboda akuyarsa ta ci ledar da suka yar. Kullum in share, kullum a zubar. Sai na kai randa da moɗa, don na lura ba mai son shan ruwa cikin ƙazanta.

Yau na tarar Mama Ladi mai itace ta tare wani mai keke: "Malam, haka kake yi a ɗakin matarka? Kwashe ɓawon rakenka!" Ya kwashe tas.

Baba ya zo, ya sha ruwa, ya dubi sama. "Bulus, rufin nan na yoyo. Gobe ka kawo ciyawa."