Fim Ɗin Sunan Mu'mina

Fatakwal,
12 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana Mahfuz,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da mai jego, da mahaifiyarka, da duk mutanen Tudun Ƙofa. Ni lafiya lau nake. Ƙafar ce ke ɗan damuna wurin gadi in an yi ruwa, amma ba wani abu ba ne.

Tun da aka ce na yi jika bakina bai rufu ba, har abokan aiki sun gaji da ni. Allah ya raya Mu'mina.

Fim ɗin kyamarar da ka aiko ta hannun direba ya iso. Ni na zaɓe shi na aika maka, mai ɗaukar hasken cikin ɗaki, don ka ɗauki suna da kyamarata da na bar maka. Jiya na toshe tagar banɗaki, na auna maganin wankin hoto, na wanke shi da hannuna. Babu hoto ko ɗaya. Lambobin gefensa sun fito raɗau, wato wankin ba shi da laifi. Bakinsa ma bai lanƙwashe ba, alhali in an ɗaura fim dole bakin ya lanƙwashe. Fim ɗin nan bai taɓa shiga kyamara ba.

A waya ka ce mini ka ɗauka har ya ƙare. Da furfurata na shiga ajin yamma na koyi karatu, amma fim na daɗe da iya karanta shi. Suna ya wuce, ba ya dawowa, na haƙura. Maganarka ce ta tsaya mini a rai. In kyamarar ba ta gidan, faɗa mini da bakinka, kada ka bari in tambayi mahaifiyarka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Sale